Ninki 525 da Sauran Ƙarairayin da Ke Jikin Kwalin Madubin Hangen Nesa

A kantunan kayan yara da shagunan intanet akwai wani dogon kwali da ba ya wuyar samu. An yi masa ado da hoton Zuhal da zobensa, ga wani gajimaren taurari ja da shuɗi kamar rinin Ƙofar Mata, a gefe kuma an rubuta 525x da manyan lambobi, wani lokacin ma 675x. Uba mai son ɗansa ya tashi da sha'awar kimiyya, likita ne ko lauya ko ma'aikacin banki, yakan duba wannan lamba ya ga ta fi ta kwalin da ke kusa da shi girma, ya biya kuɗi yana ganin ya zaɓi mafi ƙarfi. Bayan sallar isha'i a kafa madubin a tsakar gida, a zaɓi gilashin da takardar ciki ta ce shi ne mafi ninki, a shiga neman wata. Rabin sa'a za ta wuce ba a same shi ba, alhali ga shi nan tarwai a sama. In an yi sa'a an kama shi, abin da za a gani wani farin dishi-dishi ne mai rawa, wanda kan ɓace kafin yaro na biyu ya kai idonsa. Kafin mako ya zagayo kwalin ya hau saman kabad, yaron kuma ya koyi darasin da zai daɗe bai manta ba, wato kallon sama wahala ce marar riba, kuma abin da littafi ke faɗa ba a ganinsa.

Laifin duk na lambar nan ne, kuma wanda ya buga ta ya san abin da yake yi.

Ga yadda ake samo ta. Kowane madubin hangen nesa yana da babban gilashi a gaba mai tattara haske, da ƙaramin gilashi a baya inda ake ɗora ido. Kowannensu yana da tazarar da yake tara haske a cikinta, ana auna ta da milimita. Ninki shi ne tazarar babban gilashin a raba ta da ta ƙaramin. Madubin kwalin nan galibi faɗin bakinsa milimita 60 ne, tazararsa 700. In aka sa masa gilashin ido mai milimita 20, ninki 35 ke nan. In aka sa mai milimita 4, ya zama 175. Sai kuma a jefa wani ɗan bututu a cikin kwalin, gilashin Barlow, wanda ke ruɓanya abin sau 3, a sami 525. Mai tazarar 900 kuwa da wannan lissafi yake kai 675. Lissafin bai yi kuskure ba ko kaɗan. Haka ma wanda ya zuba bokitin ruwa a cikin ƙwarya ɗaya ta nono zai iya rantsewa cewa yana da bokitin nono.

Domin abin da ke yanke hukunci a kan ƙarfin madubi faɗin bakinsa ne. Shi ke ƙayyade yawan hasken da zai shiga, shi kuma ke ƙayyade ƙanƙantar abin da za a iya bambancewa. Baƙin idon mutum a cikin duhu ba ya wuce milimita 7 a buɗe, saboda haka gilashi mai milimita 70 yana tara hasken da ya ninka na ido sau 100. Wani masanin taurari na Ingila a ƙarni na 19, William Dawes, ya yi ta gwada taurari masu kusanci da juna har ya fitar da iyakar abin da kowane faɗin baki zai iya rabawa, kuma wannan iyaka daga ɗabi'ar haske take, ba gwanintar masana'anta da za ta tsallake ta. Daga nan masu kallon sama suka tsayar da ƙa'idar da kowane mai sayar da madubi ya sani: ninki mai amfani ba ya wuce faɗin baki a milimita sau 2. Madubi mai milimita 60 iyakarsa 120, a daren da iska ta kwanta. Duk abin da ya haura wannan, buɗa hoto ne kawai kamar yadda ake buɗa hoton waya da yatsu biyu har fuska ta narke. Ga kuma duhu: hasken da aka tara bai ƙaru ba, shimfiɗa shi aka yi, don haka hoton da ke ninki 525 ya fi na ninki 50 dusashewa fiye da sau 100.

Akwai wasu abubuwa biyu da kwalin ya yi shiru a kansu. Duniya tana juyawa digiri 15 a kowace sa'a, madubin kuma yana ninka wannan motsi kamar yadda yake ninka komai. A ninki 525 abin da ido ke iya gani bai fi kashi ɗaya cikin bakwai na faɗin wata ba, kuma tauraron da ya shigo ta wannan gefe ba zai yi sakan 20 ba ya fice ta wancan. Sannan ƙafafun da ake ɗora madubin a kai sirara ne, na gwangwani da roba, ko numfashi aka yi kusa da su sai sun girgiza, girgizar ma a ninka ta sau 525. Babban malamin jami'a ma ba zai iya riƙe Mushtari a irin wannan na'ura ba, ballantana ɗan shekara goma.

Abin takaicin shi ne gilashin gaban madubin nan sau da yawa ba shi da wani mugun aibu. Da za a jefar da bututun Barlow da gilashin milimita 4 a shara, a sa mai milimita 20, a ɗaure ƙafafun da kyau ko a rataya musu galan na ruwa don su natsu, da yaron ya ga abin da ya fi wanda Galileo ya gani. Wannan ba zuguguwa ba ce. An nemi izinin mallakar fasahar madubin hangen nesa a ƙasar Holan a 1608, Galileo ya ƙera nasa a 1609, kuma madubin da ya yi aikinsa mafi shahara da shi ninkinsa wajen 20 ne, bakinsa ya fi na kwalin ƙanƙanta, gilashinsa kuwa ba a kwatanta shi da na yau. Da shi ne a daren 7 ga Janairu 1610, a birnin Padua, ya ga wasu ɗigogi uku a jere kusa da Mushtari, bayan kwana shida ya ga na huɗu, ya kuma lura suna sauya wuri kowane dare. Ya gane watanni ne masu kewaya wata duniya da ba tamu ba. A ƙarshen shekarar ya ga Zahara tana cika tana raguwa kamar wata, abin da ba zai yiwu ba a tsarin Batalimus da aka yi fiye da shekara dubu ana karantarwa. Ninki 20 ya wadatar a rushe wannan tsari. Yau ana gaya wa iyaye cewa ninki 35 na yara ne, su nemi 525.

Wata shi ne inda ƙaramin madubi ya fi nuna bajinta, kuma a nan ma sabon shiga yakan yi kuskure na biyu, ya jira daren sha huɗu. A wannan dare rana tana dukan fuskar wata kai tsaye, babu inuwa, duwatsu da ramuka sun baje sun zama farin faranti mai kashe ido. Lokacin kallo shi ne sa'ad da wata yake rabi, wurin kallo kuma shi ne layin da ya raba haske da duhu, inda rana ke fitowa a can, kowane tsauni yana jan doguwar inuwa. Mai bin kalandar Hijira ba ya bukatar manhaja don sanin lokacin, domin lissafin kwanan wata shi ne lissafin inda layin yake. A daren bakwai ko takwas ga wata, kusa da tsakiyar fuskarsa, akwai manyan ramuka uku a jere. Na farko sunan Batalimus ne da shi, faɗinsa ya haura kilomita 150. Na uku, Arzachel, sunan al-Zarƙali ne, masanin taurarin Andalus na ƙarni na 11, wanda ya yi aiki a Toledo. Kusa da su ga Albategnius, wato al-Battani na birnin Raƙƙa, wanda ya rasu a 929. Wani limamin Katolika na Italiya, Riccioli, shi ya raɗa waɗannan sunaye a taswirar da ya buga a 1651, kuma har yau da su ake aiki. Arewa da su kuma ga jerin tsaunukan Apennine, tsawonsa wajen kilomita 600, wasu ƙololuwansa sun kai kilomita 5. Wanda ya zauna sa'a guda yana kallon bakin duhun zai ga wani ɗigon haske ya bayyana shi kaɗai a cikin baƙi, kan tsauni ne rana ta taɓa alhali gindinsa na cikin dare. Bayan kwana biyu layin ya matsa, ramin Copernicus mai faɗin kilomita 93 ya fito da bangonsa hawa-hawa. Wata yana nesa da kimanin kilomita 384,400, amma madubi mai milimita 60 yana iya rarrabe abin da faɗinsa bai fi kilomita 4 ba a kansa. Duk wannan a ninki 35 zuwa 100 ake ganinsa, kuma babu darare biyu da suke kama da juna.

Mushtari, wanda Turawa ke kira Jufita, a ninki 40 yana kai girman da wata ke da shi ga ido tsirara. Ana ganin ɗamara biyu masu duhu sun ratsa shi, da watanninsa huɗu a jere kamar duwatsun tasbaha. Na kusa, Io, yana gama kewaye cikin sa'a 42 da rabi, na nesa, Callisto, yana ɗaukar kusan kwana 17. Yaron da aka ba takarda da fensir ya zana inda ɗigogin suke kowane dare na mako biyu zai iya fitar da waɗannan lokuta da kansa, ba tare da ya yarda da kowa ba. Ba ƙaramin abu ba ne ga ɗalibin da duk kimiyyarsa hadda ce. Da lura da lokutan da Io ke shiga inuwar Mushtari ne Ole Romer, ɗan ƙasar Denmak da ke aiki a Faris, ya nuna a 1676 cewa haske ma yana ɗaukar lokaci kafin ya iso.

Zuhal ƙarami yake fitowa, bai fi ƙwayar gero ba, amma daga ninki 40 zobensa a fili yake, kuma da wuya a sami wanda ya gan shi karon farko bai ɗago ya leƙa bakin madubin ba, don ya tabbatar ba hoto aka manna ba. Galileo bai gane zobe ba ne, ya zaci abu uku ne a haɗe, sai Christiaan Huygens ya warware a 1659. Kusan kowace shekara 15 zoben yakan juyo da gefensa har ya kusa ɓacewa, kamar yadda ya faru a watan Maris na 2025, sannan ya sake buɗewa sannu a hankali. Zahara kuwa, wadda Bahaushe ya kira Zara matar wata in ta fito da yamma, ya kira gamzaki in ta fito da asuba, madubin zai nuna ta a siffar jinjirin wata ko rabinsa. Mirrihi ba ya ba da komai sai ɗigo mai ruwan jan ƙasa, in ba lokacin da ya matso ba, sau ɗaya a wata 26.

Taurari na ainihi kuwa ba sa girma. Nisansu ya kai ko wane ninki aka sa, ɗigo ne. Abin da madubi ke yi musu shi ne ya ƙara yawansu, ya raba waɗanda suke biyu, ya fito da launinsu. Kaza da 'ya'yanta, wadda ido ke ƙirga shida ko bakwai a cikinta, tana zama gomomi, sai dai faɗinta a sama ya ninka na wata kusan sau huɗu, don haka mafi ƙanƙantar ninki take so. Mai 525 ko 'yar tsako ɗaya ba zai san a cikin garken take ba.

Hoton da ke jikin kwalin ƙarya ce ta daban. Irin waɗannan hotuna daga manyan na'urori suke fitowa, kamar Hubble da aka harba a 1990 mai madubi mita 2.4, ko James Webb da aka harba a Disamba 2021 mai mita 6.5, waɗanda ke shawagi inda babu iska, suna tara haske na sa'o'i. Webb ma hasken da yake gani idon mutum ba ya ganinsa, launukan daga baya ake sanya su. Ido ba ya tara haske, kuma a cikin duhu ba ya rarrabe launi. Gajimaren Orion a ƙaramin madubi hayaƙi ne toka-toka mai taurari huɗu a tsakiya. Andromeda ɗan hazo ne, kamar dai yadda Abdurrahman al-Sufi ya siffanta shi da ƙaramin gajimare wajen shekarar 964, da idonsa kawai. Wanda aka gaya masa gaskiya tun farko, aka kuma gaya masa cewa hasken wannan hazo ya yi shekara miliyan 2.5 a hanya kafin ya faɗa idonsa, zai tsaya ya kalla. Wanda aka yi wa alkawarin ja da shuɗi zai ce madubin ya lalace.

Za a ce ai kasuwa ce, kuma wanda ba shi da kuɗin babban madubi gara ya sami wannan da babu. Hujjar tana da fuska, sai dai ba ta tsayawa. Kuɗin da ke sayen kwalin nan yakan isa sayen madubin hannu mai ido biyu, irin mai lamba 7x50 ko 10x50, wanda in aka jingina shi a kan katanga zai nuna manyan ramukan wata, da watannin Mushtari, da Kaza cikakkiya, ba kuma sai an sha wahalar nema ba. Wanda ya sayi wannan yana ƙara sha'awa, wanda ya sayi wancan yana yanke ƙauna, kuma yaron da ya yanke ƙauna da wuya a sake fito da shi tsakar gida. Makarantun kuɗi da ke sayen irin wannan madubi su kafa shi a ɗakin gwaje-gwaje don iyaye su gani ranar ziyara, bakinsa na kallon silin, su ma abokan cinikin lambar ne, domin ita ake nunawa, ba sama ba.

A ɗaya gefen kuma akwai masu ƙyamar duk wani ƙaramin madubi, masu cewa in ba na miliyoyi mai kwamfuta da mota ba, kada a fara. Su ma sun kori mutane da yawa. Amsarsu tana wurin John Dobson, wanda ya yi shekaru yana zaman zuhudu a wani gidan ibada a Kalifoniya, yana goge gilashin tagogin jiragen ruwa ya mai da su madubai, yana sa su cikin bututun kwali a kan akwatin katako. A ƙarshen shekarun 1960 ya shiga kafa su a bakin titunan San Francisco yana kiran masu wucewa su leƙa kyauta. Mazaunin da ake kira da sunansa akwati ne mai juyawa hagu da dama, sama da ƙasa, ba ya rawa, kuma kafintan unguwa zai iya yin sa. Madubi mai milimita 130 irin ƙirar da Newton ya fara a 1668, a kan wannan akwati, yana tara hasken da ya ninka na mai milimita 60 kusan sau 5. Mai sayen madubin farko tambaya biyu ce a gabansa, nawa ne faɗin bakin, kuma mazaunin yana girgiza ko ba ya yi. In mai kanti ya amsa da ninki, ya riga ya ba da amsa.

Ɓarnar ta fi ciwo a ƙasar Hausa, domin samanta ta fi ta ƙasashen da ake ƙera madubin kyau ga mai kallon duniyoyi. Kano tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, Damagaram kusan 14. A nan duniyoyin kan hau har kusa da tsakar ka, ko a shekarun da suka karkata kudu ba sa kasa kai wajen digiri 50, inda iskar da haske zai ratsa ba ta da kauri. A Landan akwai shekarun da Zuhal ba ya wuce digiri 16 daga doron ƙasa, mai kallo yana hangensa ta cikin tururin gari. Dunƙulen taurarin Omega Centauri, mai miliyoyin taurari, ba ya fitowa a Ingila sam, amma a Kano yana hawa digiri 30 ta kudu a dararen Afrilu da Mayu. Ga kuma duhun da rashin wutar lantarki ya bari, wanda Turawa ke tuƙi na sa'o'i don su samu. Abokin gaba shi ne ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi, wadda ke shafe ƙananan taurari, ko da yake wata da Mushtari suna ratsa ta. Dararen da suka fi tsabta su ne na bayan an ɗauke ruwan sama, da na kaka kafin hazo ya sauka. Ƙurar da ta kwanta a gilashi kuwa hure ta ake yi, wanda ya goge ta da bakin riga ya karce gilashin har abada.

Wasu na sayen madubin ne don neman jinjirin watan azumi ko na salla, kuma a nan lambar kwalin ta fi ko'ina rashin amfani. Jinjiri siriri ne a cikin sararin da bai gama duhu ba, wurinsa ma nemansa ake yi, saboda haka fili mai faɗi da ƙaramin ninki ake bukata. Madubin hannu mai nuna digiri 6 ko 7 na sama a lokaci guda ya fi bututun da ke nuna ɗan ɓangare na digiri ɗaya. Kuma nema ne da ake yi kusa da inda rana take. Gilashin da ke tara haske sau 70 ko 100 haka yake tara zafi, kuma bayan ido, inda hoto ke sauka, ba ya jin ciwo, saboda haka yana iya ƙonewa mutum bai sani ba sai daga baya. Ba a ɗaga madubi wajen yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya.

A cikin wasu daga kwalayen nan akwai wani ɗan baƙin gilashi da aka rubuta wa sunan rana, wanda ake murɗawa a gindin gilashin ido. Wurin da yake zama shi ne daidai inda duk zafin da babban gilashin ya tattara ke haɗuwa. Yakan tsage ba tare da gargaɗi ba, a lokacin da ido ke manne da shi. Matatar rana ta gaskiya a bakin madubi ake sa ta, ta rufe shi duka, kafin hasken ya shiga. Uban da ya buɗe kwali ya tarar da wancan ɗan gilashi, guduma ce ta dace da shi, tun kafin yaran su san yana ciki.